Ashirin da Biyu Iri Biyu Ce

Matata ta zo gidana da akwati ɗaya, da jerin ƙore, da jar saniya mai dogon ƙaho. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna suka kama noma a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar, ni kuwa a wani ɗan ƙauye kusa da Gagarawa aka haife ni, a nan nake har yau. Saniyar jikar saniyar mahaifiyarta ce, mahaifiyar kuma ta rasu tun matata ba ta yi wayo ba. Ba ta da hotonta, ba ta da ko zanenta ɗaya. Saniyar nan ce kaɗai abin da ya biyo ta daga wajen uwa. Da ni Hausa take yi, amma idan ta tsuguna tatsa sai ta koma Fulatanci, ƙasa-ƙasa, kamar mai hira da wata babba. Na taɓa tambayarta abin da take gaya mata. Ta ce, "Ƙararka nake kaiwa."

Ni littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina sakandare a Gumel nake sayensu a kan tabarmar wani dattijo a bakin kasuwa, masu bangon fure da zuciya da kibiya. A cikinsu na koyi yadda namiji yake magana da mace, ko in ce na ɗauka na koya. A makon farko na aurenmu na zaunar da ita a rumfa na zazzage mata duk abin da na haddace. Na kira ta hasken idona, na ce numfashina a hannunta yake, na ce in an ce wani ya mutu dominta ni ne zan fara miƙa wuya. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya har da hawaye.

"Malam, kada ka mutu," ta ce. "In ka mutu wa zai ɗebo ruwa? Ni abu ɗaya nake so. Kada ka yi mini ƙarya, ko da ƙarama ce kamar ƙwayar gero. A gidanmu in an ce saniya tana gabas, ba a leƙawa."

Na rantse mata. Na ji ma kamar ta raina ni, don na miƙa mata raina ita kuma ta ɗauki abin da nake gani bai kai komai ba. Daga nan muka saba, kullum bayan la'asar ina karanta mata littafi a ƙarƙashin rumfa, tana tsince wake ko tana kitsa igiya, tana katse ni tana cewa, "Wannan yarinyar ba ta da aikin yi ne?" Alkawarin nan na cikin rumfa shi ne abin da na yi asara, kuma wata siririyar bindiga ce ta raka ni har inda na yar da shi.

A damina ta biyu da aurenmu kuregu suka tasa gonar gyaɗata a gaba. Wanda bai yi noma a jigawa ba ba zai gane ɓarnar kurege ba. Ka shuka yau, gobe da hantsi ka tarar ya bi kunya ɗaya bayan ɗaya ya tone irin, rami bayan rami, kamar da shi aka yi shukar ya riƙe lissafi. Na shuka sau ɗaya suka cinye. Na sake, suka bar mini abin da bai kai rabi ba. Irin da ya rage a buhu na shuka ɗaya ne, ruwa kuma ba zai jira ni ba. A lokacin saniyar tana da ciki wata bakwai, matata tana ta lissafin ranar da za ta fara kai mini kindirmo gona.

Ina da bindigar iska, irin ta harbin tsuntsaye, wadda na saya a Maigatari tun ina saurayi. Huɗu da rabi ake ce mata, saboda faɗin bakinta. Karya ta ake yi a gwiwa, a sa ɗan ƙwayar dalma, a mayar. In iska ta kwanta tana da saiti ƙwarai, na sha kaɗo kurciya da ita daga kan aduwa. Amma dalmarta ba ta da nauyi. Iskar damina kaɗan sai ta kautar da ita, in kuma ta sami kurege ba ta cika kayar da shi ba. Sai ya yi tsalle ya faɗa raminsa ya mutu a ciki, ko ya warke ya dawo ya fi da wayo.

Ɗan kawuna, wato taubashina, yana da babbarta, biyar da rabi, wadda ya samo daga wajen wani ɗan Damagaram. Direba ne, yana jigila tsakanin Gumel da Maigatari, kuma tun muna yara kowa cikinmu yake kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Bindigarsa ta fi tawa ƙarfin duka. In ta sami kurege a ƙirji a nan yake kwanciya. Sai dai dalmarta mai nauyi ce, saukowa take yi a hanya, dole ka ɗaga saiti sama da kan dabbar da faɗin yatsa. In aka wuce taki arba'in kuwa, da idonka za ka ga ta tayar da ɗan yashi a gaban abin da ka nufa. Kuregun gonata kuma sun riga sun san taki arba'in. A taki hamsin suke tsayawa da ƙafa biyu, suna kallonmu suna cin irina.

Shi kuwa Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon maharbi ne, bindigar toka gare shi. Ya zo sau ɗaya ya taimaka mini. Ya ɗura albarushi da tsakuwar ƙarfe, ya saki. Hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsayen ƙauye uku suka tashi, kurege ɗaya ya watse, tare da shi kuma kunya biyu da irin da ke cikinsu. Taubashina ya ce, "Baba, an ce ka kashe kurege, ba a ce ka yi huɗa ba."

Ana nan, wata Talata da rana, sai ga taubashin nawa ya tsayar da mota a ƙofar gida, ya fito da wani abu a nannaɗe cikin buhu.

"Bawana! Fito ka ga abin da ubangidanka ya kawo maka."

"Wane ubangida? Mai kwana a ƙarƙashin mota?"

Ya warware buhun. Wata siririyar bindiga ce, katakonta ya yi baƙi da sheƙi saboda yawan riƙo, da wani ɗan ƙarfe a gefe da ake ja baya a tura. Ya ce ta wani tsohon ma'aikacin gandun daji ce a Gumel, wanda ya rasu bara, tana da takardarta. Ɗan mamacin ne ya ba shi aro na mako ɗaya, shi bai taɓa harba ta ba, a bayan ƙofa ya gaje ta. Akwai ɗan kwali na harsashi. Kowane bai wuce tsawon gaɓar yatsa ɗaya ba, jikinsa tagulla, kansa dalma. A jikin kwalin an rubuta ashirin da biyu.

Sai ya zaro gwangwanin dalmar bindigarsa daga aljihu ya nuna mini murfin. An rubuta biyar da rabi, lissafin mutanen tsallaken iyaka, a ƙarƙashinsa kuma ashirin da biyu, lissafinmu na nan. Mu mutanen bakin iyaka mun saba da haka. Abu ɗaya sai ka ji shi da suna biyu, da awo biyu, kuma duka daidai ne. Ya ɗauki ƙwayar dalmarsa ya ɗora a bakin baƙuwar bindigar, ta zauna cif.

"Ka gani? Uwa ɗaya uba ɗaya. Tawa da iska take turawa, wannan da ɗan albarushi, shi ke nan. Ba sai ka karya ta a gwiwa kana nishi kamar mai naƙuda ba."

"Nisanta fa?"

"Lamba ɗaya ai nisa ɗaya. Taki arba'in. Ka ƙara mata goma don darajar mamaci."

Da la'asar muka fita gwaji, Kawu ya biyo mu da sandarsa. Akwai wani babban suri a bayan gari, muka jingina gwangwanin tumatir uku a jikinsa, muka auna taki talatin. Kowace bindiga harbi biyar. Tawa ta sami uku, iska ta ɗauke biyu. Ta taubashina ta sami uku ita ma, amma duk a gindin gwangwanin, ya ce rana ce ta shiga masa ido. Sannan na ɗauki ta ukun. Ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa, ƙararta kamar an karya busasshen kara. Biyar ɗin duka suka shiga wuri ɗaya, wurin da murfin kwalba zai rufe. Muka ja baya zuwa taki hamsin, haka. Taki sittin, haka, ko ɗaga saiti ban yi ba. Da mun tsaya mun yi tunani a nan, da mun gane abin da ba ya saukowa a taki sittin ba ɗan'uwan abin da ke faɗuwa a taki arba'in ba ne. Amma murna muke yi. Taubashina yana tafi yana cewa, "Allah ya jiƙan tsoho, ya iya zaɓe."

Kawu ya bar mu a nan. Ya je jikin surin ya tsuguna, ya zaro wuƙarsa yana tono dalmar da ta nutse a ciki.

"Naka ga shi nan," ya ce da ni, "zurfin farce. Na wannan shashashan kuma, gaɓa ɗaya." Ya koma ramin na uku. Ya tona, ya tona, har ruwan wuƙar ya nutse. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Wannan ban same shi ba. Tawa tana da baki, in ta tashi duk gari ya sani, kuma na san inda take zubar da kayanta. Wannan munafuka ce."

"Baba, idonka ne ya tsufa."

"Ya tsufa," in ji Kawu. "Ya kuma ga jana'izar masu sabon ido."

Muka yi dariya muka dawo gida.

Washegari na zuba irina na ƙarshe, na kwanta a bakin gona da munafukar. Kafin azahar na kashe kurege biyar, kowane a inda yake tsaye ya faɗi. Na dawo gida da su a rataye, ina tafiya irin ta jaruman littattafaina in sun dawo daga ceto. Matata ta fito tana guɗa ta wasa. Ta ce in nuna mata abin da ya yi wannan aiki. Na ɗora mata harsashi ɗaya a tafin hannu, ta juya shi, ta shafa kan dalmar da babban yatsa.

"Ɗan wannan? Ai kamar ɗan kunne."

"In na gama da su sai in sa a ƙera miki."

"A'a, riƙe abinka. Sanyi gare shi."

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, gari ya yi shiru, maza duk sun tafi. Na fita da hantsi. Akwai wani ƙaton kurege mai guntun jela da ya fi sauran wayo, ina zaton tsohon raunin bindigata ne a jikinsa. Ya fito ya hau ɗan tudun da ke iyakar gonata ta arewa, ya tsaya da ƙafa biyu, bayansa ba komai sai sarari. Ni ina kwance rub da ciki, bakin bindiga ya ɗan kalli sama. Bayan tudun akwai sabara, bayan sabarar kuma akwai saurar da matata take ɗaure saniya, tunda ko'ina an yi shuka. Na san tana can. Ba zan ce ban sani ba, da idona na ga an wuce da ita da safe. Amma saurar tana da nisan da sai ka ɗaga murya sosai a ji kiranka, ni kuwa taki arba'in ne a kaina, da goma na darajar mamaci. Abin da nake tunani a lokacin shi ne yadda zan riƙo shi ta guntun jelar in ajiye a gabanta, da kalmomin da zan faɗa.

Na danna kunamar bindigar. Kuregen ya yi ƙasa tun kafin ƙarar, na kuskure shi. Bayan kamar numfashi ɗaya, daga can nesa, na ji saniya ta yi kuka sau ɗaya, gajere. Na ce a raina ƙuda ne ya cije ta. Na ci gaba da kwanciya, amma ban sake harbi ba.

Da azahar matata ta jawo ta gida. Tafiya take a hankali, ta ɗan gantsare baya. Matata ta shiga ɗebo mata ruwa, ni kuma na zagaya ta ɓangaren da ke kallon gonata. A kwiɓinta na ga ɗigon jini guda, ƙudaje biyu a kai. Na buɗa gashin. Rami ne da bai kai ƙwayar wake ba, zagayayye, mai tsabta, irin wanda na gani sau biyar a jikin gwangwanin tumatir. Na goge jinin da babban yatsana, na kwantar da gashin a kai.

"Me ka gani, Malam?" Tana tsaye a bayana da bokiti.

"Ƙaya ce. Ƙayar aduwa ta soke ta."

Maganar ta fito sumul, ba gargada, kamar jimlolin da nake karanta mata. Ta ce, "Allah sarki," ta shafa wuyan saniyar ta ajiye mata ruwa. Ba ta leƙa ba.

Na sha tambayar kaina dalili. Tsoro ne, amma ba na faɗa ba, don matata ba mai faɗa ba ce. Na ji tsoron fuskar da ta yi mini guɗa jiya ta kalle ni wani iri. Na kuma gaya wa kaina ramin ƙarami ne, saniya babba ce, zai warke, in ta haihu lafiya sai in ba da labarin muna dariya. Da la'asar na koma gona na tsaya inda na kwanta, na bi layin harbin ina ƙirga taki, na haye tudun, na ratsa sabara, har turken. Ɗari uku da tamanin. Na ce ba zai yiwu ba. Na sake ƙirgawa a dawowa. Ran Juma'a da safe na nannaɗe bindigar a buhunta na kai wa taubashina tasha, na ce na gama da ita.

A ranar saniyar ta daina tuƙa. Aka sa mata dusa ta kau da kai, aka jiƙa kanwa ta shinshina ta bari. Ran Asabar cikinta ya kumbura, hancinta ya bushe, tana niƙa haƙora. Matata ta sa na kira malamin dabbobi, ya zo a kan babur da jakarsa. Ya danna cikin, ya kara kunne, ya duba ido.

"Ba ta faɗi ba? Ba wanda ya doke ta? Ba abin da ya soke ta?"

"Malam ya ce ƙaya ta taɓa ta shekaranjiya," in ji matata, ta juyo gare ni.

"Ƙarama ce," na ce. "Ta ma bushe."

Ta bushe ɗin kuwa, daga waje. Malamin ya ce to alamu sun fi kama da leda, shanu suna haɗiye ta ta cunkushe musu tumbi. Ya yi mana bayani dalla-dalla, ba shi da laifi ko kaɗan. Ya ce da rauni ne ya huda ciki, da yau ɗin nan zai ce a yanka, tun nama yana da kyau, tun ba ta sha wuya ba. Amma in leda ce ana iya ba ta magani a jira kwana biyu a gani. Matata ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Me ka gani, Malam?"

"A jira," na ce.

Tun daga lokacin ta ɗora wa kanta laifin. Ta tuna ledar gishiri da ta bari a kan turmi ranar Laraba ba ta sake ganinta ba. Ta bi tsakar gida da bayan gida tana tsince kowace leda, har wadda ta shekara a cikin ƙasa, tana tarawa tana ƙonawa. Tana yi tana cewa, "Ni na kashe ta. Abin da uwata ta bar mini, ni da hannuna." Ni kuma ina biye da ita ina ba ta haƙuri. Na ce mata kowa yana mantuwa. Na ce mata kada ta zargi kanta. Har hannunta na riƙe.

Kawu ya zo dubiya ran Lahadi. Ya zagaya saniyar sau ɗaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya ja ni zaure.

"Ina munafukar?"

"Na mayar, Kawu."

"Da wuri haka? Kuregun sun ƙare?"

Na kau da kai.

"Ɗan nan, in akwai magana a bakinka, yau take da amfani. Gobe ba ta da shi."

"Babu komai, Kawu."

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da la'asar ɗin ranar ta ce in karanta mata wani abu ko zuciyarta ta huta. Muka zauna a rumfa, saniyar tana kwance a gefe tana numfashi da ƙyar. Na buɗe inda muka tsaya. Wurin da saurayin ya durƙusa ya faɗi laifin da ya ɓoye ne, budurwar ta yi kuka shafi ɗaya, a shafi na biyu ta yafe. Na karanta har ƙarshe, na rufe littafin na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Su a littafi komai da sauƙi." Ta tashi ta koma wajen saniyar. Na bar bakina ya rufu.

Ran Litinin da sassafe saniyar ta miƙe wuya a ƙasa, idonta ya juye. Aka ruga aka kira Kawu da mahauci kada ta zama mushe. Matata ta durƙusa ta haɗa goshinta da na saniyar, ta yi mata magana da Fulatanci, doguwa, sannan ta shige ɗaki. Ni na danne ƙahon, Kawu ya yanka. Ko shure-shuren kirki ba ta yi ba.

Da mahauci ya farka cikin, sai da muka ja da baya saboda wari. Duk ya ruɓe, ruwa da mugunya. Ya ciro 'yar maraƙa, mace, ja kamar uwarta, gashi ya fara fito mata. Ya ce naman ba zai ciwu ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, a haƙa rami. Muna cikin haƙa sai ga matata ta fito da babbar tasa.

"A ba ni kayan cikin."

"Uwar gida, wannan ba abin taɓawa ba ne," in ji mahauci.

"A ba ni. Ina so in ga ledar da idona."

Ba wanda ya iya hana ta. Ta ja tumbin da hanjin bayan ɗaki, ta tsuguna, ta naɗe hannun riga. Ina tsaye da fartanya a bakin ramin, ina jin motsin ruwa. Ta daɗe. Ta bi tumbin da hannu kaf, ba leda. Ta koma hanjin tana bi da yatsu kamar mai tsince wake. Can sai na ji wani ɗan ƙara, ƙwal, abu ya faɗa cikin tasa. Kawu ma ya ji. Ya ajiye wuƙarsa ya ce da mahauci su je waje su sha iska.

Ta wanke hannunta da sabulu har gwiwar hannu, ta ɗauraye abin, ta zo ta tsaya a gabana ta buɗe tafinta. Kan dalmar ne, ya ɗan lotse ta gefe guda.

"Malam, wannan ƙayar wace bishiya ce?"

A nan na faɗi komai. Na faɗi biyar da rabi da ashirin da biyu, da murfin gwangwani, da taki arba'in, da ɗari uku da tamanin. Na yi ta zuba lissafi kamar lissafin zai cece ni. Na durƙusa ma, kamar na cikin littafin. Ta bar ni har na gama.

"Harbin ban riƙe ka da shi ba," ta ce. "Kwananta ne ya ƙare, ya biyo ta hannunka. Amma kwana huɗu tana ruɓewa da ranta kana cewa a jira. Ina zagin kaina a gabanka, kana riƙe da hannuna." Ta rufe tafin. "Tashi, kana ɓata wandonka. Ku rufe ramin kafin karnuka su zo."

Ba ta tafi gidansu ba, ko da na kwana ɗaya. Mahaifinta ya zo bayan kwana uku, na gaya masa gaskiya a zaure, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya hau babur ya koma bai taɓa abincin da aka kawo masa ba. Taubashina ya ɗauki wani tsohon soja a motarsa bayan wannan, ya tambaye shi, sojan ya ce harsashin nan in bai sami abin da ya tare shi ba yana iya barin ƙauye ya faɗa wani, faɗin baki ne kawai ya haɗa shi da dalmar bindigar iska. Taubashin nawa ya zo ya gaya mini a tsaye a ƙofar gida, da sunana ya kira ni. Ya fi shekara bai ce mini bawa ba.

Gyaɗar ta yi kyau a shekarar, ban taɓa samun irinta ba. Matata ta ɓare, ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, duk abin da ake yi ta yi. Dalmar tana cikin ɗan gwangwanin da take ajiye allura da zare, nakan ji ƙararta in ta ɗauko shi. Littattafan suna cikin akwati. Na ɗauko ɗaya sau ɗaya bayan la'asar, ta ce tana da aiki. Bayan shekara biyu na sayo mata karsana ja a kasuwar Maigatari, na zaɓi mai kama da waccan. Ta yi godiya, tana kula da ita sosai, amma da Hausa take yi mata magana.

Yanzu 'ya'yanmu uku. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, tuwona bai taɓa makara ba. Jiya na dawo daga gona da sauri na ce mata hadari ya haɗo daga gabas, a kwashe shanya. Ta ce, "To, Malam." Ta ajiye muciya, ta fita tsakar gida, ta ɗaga kai ta dubi gabas da kanta, sannan ta fara kwashewa.